Ranar da Kaka Ta Zauna a Gindin Ci-ma-zaune

Ƙamshin ɗanyen ganye da aka sare da sassafe, haɗe da ƙarar adda tana faɗa wa itace can nesa, su ne suke mai da ni wannan rana duk lokacin da suka ga dama. Ko a tsakiyar gari nake, in na wuce inda wani yake sassabe a bayan gidansa, sai in tsaya kamar an kira sunana. Abubuwa da yawa na 'yanmatancina sun zube mini a hanya, har fuskokin wasu ƙawayena na makaranta sun dushe. Amma safiyar da kakata ta zauna a gindin wani ɗan itace ta ƙi tashi, wannan kam tana tare da ni har ranar da za a rufe ni da ƙasa.

A ƙarshen shekarun tamanin ne, ina karatun aikin koyarwa a Kafanchan. Babana ma'aikacin jirgin ƙasa ne, don haka a cikin gari na girma, kukan jirgi ne yake tashe mu da asuba. Amma duk hutu ƙauyenmu nake tafiya, can gefen hanyar Kwoi, inda Kaka, mahaifiyar babana, take zaune tare da ɗan autanta, wanda muke kira Baba Ƙarami, da matarsa. Ni yarinya ce marar hayaniya a lokacin. A aike ni ɗiban ruwa, in tsaya kallon gajimare har a biyo sawuna. Kaka ce kaɗai ba ta yi mini faɗa a kan haka. Takan ce, "Ku ƙyale Malama, gado ta yi." Ban san gadon wa take nufi ba, ban kuma tambaya ba.

Bayan ƙauyen akwai dutse. A samansa, inda iska take da sanyi ko da bazara, akwai wasu 'yan itatuwa iri biyu da ban taɓa ganin sun fito a ƙasa ba. Ba su kai bishiya ba, sun wuce ciyawa. A tsagin duwatsu suke fitowa, su yi rassa da yawa tun daga tushe. Sunayensu da yarenmu ne, amma in aka juya zuwa Hausa, ɗaya mai-goyo ce, ɗayan kuma ci-ma-zaune. Mai-goyo gajeruwa ce mai faɗin ganye. In damina ta fara ja da baya sai ta goya 'ya'ya ƙanana baƙaƙe a jikin rassanta, kamar an shirya mata duwatsun wuya. 'Ya'yan nan ake shanyawa, a daka, a zuba a kunun farko da mai jego za ta sha. A wurinmu macen da ta haihu ba a kai mata wannan kunun ba, ji take kamar ba ta da kowa a duniya. Saboda haka akwai doka tun kaka da kakanni cewa ba a sa wa mai-goyo ƙarfe. Ko yaro ne ya karya reshenta da wasa, sai ya sha bulala.

Ci-ma-zaune kuwa dogo ne mai siririn ganye, bai taɓa yin ɗa ko guda ba. Abin da ya iya kawai shi ne, in ruwan farko ya sauka, ya yi wasu furanni rawaya kamar ƙananan zangarniyar gero, masu ƙamshi, masu zubar da wani lallausan gari da yake sa atishawa. Daga nan ya koma ya zauna sai baɗi. Shi babu dokar da ta kare shi. Mai son itacen girki ya sara, mai son shinge ya sara.

Da can wannan bai zama komai ba, domin mutum nawa ne zai hau dutse saboda ɗan itacen girki? Citta ce ta canza al'amarin. A shekarun nan ne ta yi daraja, motoci suna zuwa Kwoi da Kafanchan suna lodin buhuna, mutane suka mai da gonakin acca da na dawa gonakin citta. Ita kuwa citta gata take so. In an binne irinta a farkon damina, dole a lulluɓe gonar gaba ɗaya da ganye, don kada rana ta dafa irin a cikin ƙasa kafin ruwa ya zauna. Ganyen ci-ma-zaune ya fi kowanne dacewa da wannan aiki, ba ya saurin ruɓewa, iska kuma ba ta kwashe shi. Sai aka shiga hawa dutse da adduna. In an sare shi yakan toho, amma kafin tohon ya kai ga yin fure an sake zuwa an sare, har kututturen ya gaji ya bushe. Kowa hankalinsa kwance, tunda ba a taɓa mai-goyo ba.

A hutun Ista na wannan shekara malaminmu na ilmin tsirrai ya ba mu aiki. Mutum ne mai sanyin murya, in yana maganar ganye sai ka ce labarin danginsa yake bayarwa. Shi ya koya mana cewa tsirrai ma suna da zuriya da dangi da gida, kowanne da sunansa biyu na Latin, kamar sunan mutum da na ubansa. Yakan ce, "Ganye maƙaryaci ne, yana canza kama. In kuna son ku san ɗan gidan wa ne, ku tambayi fure." Ya ce kowa ya kawo rassan tsirran garinsu masu fure, a danne su a tsakanin tsofaffin jaridu da katako biyu har su bushe, a rubuta sunan da mutanen wurin suke kiransu. Na tafi ƙauye da damin jaridun babana, ina jin kaina kamar wata babbar masaniya.

Ranar da Baba Ƙarami ya kira gayyar lulluɓe citta, tun da duku-duku gidan ya cika. Mata suna dama kunu suna dafa faten acca a manyan tukwane, maza suna wasa adduna a jikin dutse. Shekarar nan ya zuba duk ƙarfinsa a gonar. Ya sayar da awakinsa ya sayi iri, ga matarsa da cikin fari. An yi ruwa mai kyau sau ɗaya, ya binne irin, sai sama ta ɗauke ta bar rana tana ƙuna kamar an aiko ta.

Ni kuwa na ɗauki jaridu da katakona zan hau dutse. Kaka ta jawo sandarta ta ce za ta raka ni. Na ce, "Kaka, ƙafarki fa?"

Ta ce, "Ƙafata ta san dutsen nan tun ubanki bai san hanyar bakinsa ba. In na bar ki ke kaɗai, gajimare za ki danno mana a jarida."

Muka hau a hankali, muna tsayawa tana hutawa. Duk inda muka tsaya sai ta nuna mini wani ganye da kan sandarta, ta faɗi sunansa da abin da ake yi da shi, ni kuma in tsinka in sa a jarida. Da muka zo wurin mai-goyo ta hana ni sa wuƙa. Da yatsunta ta ɓalle mini ɗan reshe guda, bayan ta yi wa itacen magana ƙasa-ƙasa kamar mai neman aron gishiri. Furanninta ƙanana ne kore, in ba ka duƙa ba ba za ka gan su ba. Na waiwaya na hango ƙauyen a ƙasa, jinkuna kamar huluna, hayaƙi yana tashi a miƙe, jajayen gonakin citta sun kewaye shi. A gefenmu kuma, ko'ina kututturan ci-ma-zaune ne, wasu da ɗan toho, wasu sun bushe sun yi fari.

Can kusa da saman dutsen akwai wani kwazazzabo mai inuwa. A bakinsa akwai ci-ma-zaune guda ɗaya, tsoho, ya fi mutum tsawo, faɗinsa ya kai ɗaki. Wuyar hawan wurin ce ta tsirar da shi har zuwa lokacin. Ya cika da fure, ƙamshin ya tare mu tun kafin mu gan shi. A ƙasansa, cikin kwazazzabon, masu-goyo ne birjik. Kaka ta nufi wani faffaɗan dutse a gindinsa ta zauna, zaman wadda ta san wurin.

Ta ce, "Nan kakanki yake zama."

Ban tashi na same shi ba, ya rasu kafin a haife ni, kuma a gida ba a cika maganarsa ba. Na ajiye katakon na zauna kusa da ita.

Ta ce, "Shi ma sunan da suka laƙaba masa ke nan, ci-ma-zaune. Gonarsa ta fi ta kowa ƙanƙanta. Mutane suna can suna huɗa, shi yana nan sama yana busa sarewa. Uwata har kuka ta yi ranar da na ce shi nake so. Amma ba a biki babu shi, ba a makoki babu shi. In mutum biyu suka ja daga a kan iyakar gona, shi ake kira. Ya zauna a tsakaninsu ya yi ta ba su labarin banza har su manta abin da ya haɗa su."

Na ce, "Kin sha wahala da shi, Kaka?"

Ta ce, "Na sha. Na noma nawa, na noma nasa. Amma tun da ya tafi gidan nan bai ƙara yin dariya irin ta da ba." Ta kalle ni ta gefen ido. "Da na ce kin yi gado, ai kin gane yanzu."

Muna cikin haka na ji ƙarar adda tana matsowa, da muryoyin maza. Ashe ganyen da aka tara ya ƙare, wani ɓangare na gonar yana nan tsirara, kuma duk gefen dutsen an riga an aske shi. Baba Ƙarami ne a gaba, gumi ya jiƙa masa riga, 'yan gayya suna biye. Ya tsaya da ya gan mu.

Ya ce, "Mama, me ya hau da ke nan? Ki ɗan matsa, za mu yi aiki."

Ta ce, "Ku yi aikinku. Na riƙe muku hannu?"

"Ai a kan aikin kike zaune."

"A kan dutse nake zaune. Ko shi ma citta za ka rufe da shi?"

Mazan suka yi dariya. Wani dattijon majami'armu da yake cikinsu ya matso ya rusuna ya ce, "Mama, ai wannan ba mai-goyo ba ce. Doka ba ta hana ba."

Ta ce, "Kai za ka koya mini dokar? Ranar da aka haife ka ni na daka 'ya'yan mai-goyo a kunun uwarka." Ya ja da baya yana sosa ƙeya, aka sake yin dariya.

Baba Ƙarami bai yi dariya ba. Ya durƙusa a gabanta ya kafa addarsa a ƙasa. Ya ce, "Mama, irin da yake cikin ƙasar nan shi ne duk abin da na mallaka. In ranar nan ta ƙara kwana a kansa a buɗe, ya dahu. Kin san halin da matata take ciki. Ki faɗa mini, me itacen nan ya taɓa ba mu?" Sai ya juyo gare ni. "Malama, ke da kike karatun ganye, gaya mata. Yana da wani amfani?"

Duk idanu suka dawo kaina. Na lalubi duk abin da aka koya mini, ban sami komai ba. Da ƙyar na ce, "Yana da ƙamshi, Baba."

Dariyar da aka yi har ta amsa a cikin kwazazzabon. Wani ya ce, "To a dafa wa mai jego ƙamshi." Na sunkuyar da kai. Yanzu da na girma na san Baba Ƙarami ba mugunta yake yi ba. Tsoro ne a fuskarsa, tsoron mutumin da ya zuba ƙwansa duka a kwando ɗaya yana kallon kwandon yana yagewa. A lokacin kuwa haushinsa kawai nake ji.

Iska ta kaɗa, garin furen ya zubo wa Kaka a ɗankwali da kafaɗa. Can ta ce, "Abin da ya rage a gonar, ya kai yaya?"

Baba Ƙarami ya kwatanta mata, daga gindin ɗorawa zuwa bakin rafi.

Ta ce, "To ku sauka ku yaye jinkar ɗakina. Ciyawarta za ta rufe wannan har ta yi saura."

A wurinmu ba a yaye jinkar ɗaki sai da rani in za a sabunta ta, ko kuma in mai ɗakin ya rasu. Ga damina a bakin ƙofa, sabuwar ciyawar jinka kuma ba za a samu ba sai bayan kaka. Baba Ƙarami ya miƙe tsaye. Ya ce, "Mama, so kike a ce na kware wa uwata ɗaki tana da rai?"

Ta ce, "A ce mana. Wanda ya ce ka turo mini shi. Ɗaki yana da magani, ciyawa za ta sake fitowa. Wannan kuwa ya tsufa kamar ni, in ka sare shi ba zai toho ba."

"Saboda itacen banza?"

"Saboda nan ubanka yake zama." Ba ta ɗaga murya ba. "Ban taɓa roƙonka komai a kansa ba. In kana jin kunyar hawa jinkar, ba ni tsani in hau da kaina."

Ya tsaya yana kallon itacen, ya kalli uwarsa, ya kalli sama inda babu ko ɗigon hadari. Sai ya zare addarsa daga ƙasa ya juya ya fara sauka. Mazan suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Kaka ba ta motsa ba sai da muryoyinsu suka ɓace, sannan ta miƙo mini hannu na tashe ta. Kafin mu sauka na ɓalle ɗan reshe mai fure na sa a jarida, na rubuta sunansa a gefe. Na ga ɗankwalinta ya yi rawaya, na sa hannu na kakkaɓe mata. Ta yi atishawa ta ce, "Kin ga iyakar aikinsa ke nan, sa tsofaffi atishawa."

Da muka iso gida mata sun riga sun ji labari, sun tsaya cirko-cirko da muciyoyi a hannu. Ni da matar Baba Ƙarami muka fitar da kayan Kaka tsakar gida: tabarma, randar ruwa, ƙoren da take ajiye busassun 'ya'yan mai-goyo, da Littafi Mai Tsarki na Hausa da take sa ni in karanta mata. Baba Ƙarami ya hana kowa hawa, shi da kansa ya hau yana yaye ciyawar yana jehowa. Ta yi baƙi ƙirin da hayaƙin shekaru. Yana cikin yayewa sai ya tsaya. Ya zaro wani abu siriri da aka soke a cikin jinkar, ya goge a rigarsa. Sarewar ubansa ce. Ya sa a baki ya hura, iska da kunkunniya kawai suka fito suka ɓata masa fuska. Wasu suka fara dariya, da suka ga idanunsa suka daina. Ya soke ta a ƙugunsa ya ci gaba da aiki.

Kafin la'asar an lulluɓe gonar duka, rabi kore, rabi baƙi. Aka ci faten acca a inuwar mangwaro, ɗakin Kaka yana tsaye a gefe babu hula, sandunan rufin suna kallon sama. Duk daminar nan a madafa ta kwana, tana cewa ta ma fi ɗumi. Cittar ta yi kyau. Da aka haƙe aka sayar, abin da Baba Ƙarami ya fara yi shi ne ya rufa mata ɗakin da kwano. Ba ta gode masa ba ko sau ɗaya a gabansa. Duk ranar da aka yi ruwa sai ta ce an sa ta a cikin ganga ana kaɗawa.

Da na koma makaranta na miƙa wa malaminmu tsirraina. Ya bi su ɗaya-ɗaya yana gyaɗa kai, har ya zo kan biyun nan. Ya jera su gefe da gefe, ya ɗauko ɗan gilashinsa mai ƙara girman abu, ya daɗe a duƙe a kan furannin. Ya tambaye ni a ina suke fitowa, ko kusa da juna suke. Na gaya masa. Ya ce ba zai yi saurin yanke hukunci ba, zai aika da su jami'a, inda ake ajiye busassun tsirrai a kwatanta su da waɗanda aka riga aka sani. Kafin amsa ta zo na gama karatu, shi ma aka canza masa wurin aiki. Na manta da maganar.

A shekarun da suka biyo baya wani abu ya fara faruwa a kan duwatsunmu. Masu-goyo suna nan lafiyarsu lau, kore shar, babu wanda ya sa musu ƙarfe, amma suka daina goyo. Mata su hau da ƙorai su sauko da su wayam. Wasu suka ce takin zamani ne, wasu suka ce zunubi ya yi yawa, har addu'a aka yi a taron zumuntar mata na majami'a. Wuri ɗaya ne kawai bai daina ba, kwazazzabon nan. Daga ƙauyukan maƙwabta ake zuwa a roƙi ɗan abin da bai wuce cikin tafi ba don kunun mai jego. Mutane suka ce albarkar tsohuwa ce, tunda a nan ta zauna ranar gayya. Kaka takan yi tsaki ta ce ita dai ta san zama kawai ta yi. Ta rasu a farkon shekarun casa'in, cikin ɗakinta mai kwano, ana ruwa.

Sai can ƙarshen shekarun casa'in, na yi aure ina koyarwa a Sabon Tasha, wata rana ina jiran motar Kafanchan da goyo a bayana, wani dattijo mai furfura ya tsaya yana kallona. Malaminmu ne, ya yi ritaya. Bayan mun gaisa ya tambayi sunan jaririyar, sai ya ce, "'Yata, ba ke ce kika kawo mini rassa biyu daga dutsen garinku ba? Na so in same ki ban san inda zan aika ba. Kin rubuta musu suna biyu, amma itace ɗaya ne. Namiji da mace."

Na ce, "Malam, ai ba su ma yi kama ba."

Ya ce, "Ba na gaya muku ganye maƙaryaci ne ba? Kamar gwanda ne, ko giginya, wata tana haihuwa wani ba ya yi. Sai dai su waɗannan kowanne da irin tufafinsa, shi ya sa kakanninku suka ɗauka baƙin juna ne. Fure ne ya tona asirin." Ya faɗa mini sunan Latin ɗin, mai tsawo, ya ce ba a samun itacen sai a kan tuddai masu sanyi irin namu, kuma in ya ƙare a dutse ɗaya da wuya ya dawo da kansa. Sannan ya tambaye ni, "Mazan suna nan da yawa?"

Na ce, "Saura ɗaya da na sani."

Ya ce, "To ku riƙe shi kamar ƙwai. Kututturan da suke da sauran rai kuma a bar su su yi fure."

Da na je ƙauye na sami Baba Ƙarami a gindin mangwaro na gaya masa. Ya daɗe yana kallon dutsen. Abin da ya ce kawai shi ne, "Da na sare shi fa." Ranar Lahadi bayan sujada a majami'a shi da kansa ya miƙe ya yi wa jama'a bayani, matan zumunta kuma suka ɗauki maganar suka kai ƙauyuka. Aka yi wa tsohuwar doka ƙari, cewa a kowane gefen dutse a bar ci-ma-zaune ya yi furensa. Ba kowa ne ya ji ba, kuma akwai duwatsun da an riga an makara. Amma a namu, toho ya tashi a wasu kututturan, kuma masu-goyon da suke kusa da su sun koma goyo.

Kaka ba ta san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ba ilmin tsirrai ne ya zaunar da ita a kan dutsen nan ba, ƙauna ce. Abin da ranar ta koya mini shi ne, kada in yi saurin yanke wa abu ko mutum hukuncin rashin amfani don kawai ban ga abin da yake kawowa a ƙwarya ba. Mun kiyaye mai haihuwa da dukan zuciyarmu, muka sare wanda yake sa ta haihu, muna ganin mun bi doka. Cikin ɗalibaina akwai masu kallon taga in ana darasi. Ba na saurin ɗaga musu murya.

Akwai abu ɗaya da malamin ya ƙara gaya mini a tashar nan, mota ta riga ta cika ana kirana. Ya ce lallausan garin nan rawaya ba ya daɗewa, 'yan kwanaki ne a shekara, iska take ɗaukarsa ta sauke a kan ƙananan furannin macen, daga nan 'ya'ya suke samuwa. Duk tsawon hanya ina tuna hannuna a kan ɗankwalin Kaka. Ashe garin da na kakkaɓe mata ranar nan, har ta yi atishawa ta yi masa gori, shi ne kunun masu jegon ƙauyenmu na wannan shekara, yana kan hanyarsa ta sauka cikin kwazazzabo.